Ɗorawar Hindu da Filin Jirgin Sabon Kwari

Duk wanda ya taɓa cin tuwo da miyar kuka a ƙauyukan da ke tsakanin Tiga da Bebeji, da wuya a ce bai ɗanɗani aikin hannun Hindu ba, ko da bai san sunanta ba. Daddawa take yi. Daddawarta baƙa ce wuluk, faffaɗa kamar tafin hannu, ƙamshinta yakan riga ta shiga zaure. Ita kuwa Hindu gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta ba sittin baya, muryarta kuma ta fi jikinta girma. Yara suna ce mata Iya Hindu, tsaranta suna ce mata Hindu mai kalwa.

Sunan garinsu Sabon Kwari, amma babu kwari a cikinsa. Tudu ne shimfiɗaɗɗe mai jar ƙasa. Sunan tsohon garinsu suka ɗauko suka aza masa. Shi kuwa tsohon yana kwance a ƙarƙashin ruwan dam ɗin Tiga, kifi yana shawagi a inda masallacinsa yake a da.

Hindu tana 'yar yarinya aka tashe su. Abin da ta fi tunawa shi ne jan fenti. Ma'aikata sun bi bishiyoyin gari suna shafa musu shi, aka ce duk inda ya taɓa, ruwa zai ci. Dattawa suka ji suka yi murmushi, don ba su taɓa ganin kogi ya hau tudu ya zauna ba. Suka kwashe abin da jaki zai iya ɗauka, suka bar azara a kan ɗakuna, suka bar bishiyoyi a tsaye, da niyyar in damina ta wuce su dawo su kwashe. Ruwa bai jira su ba.

Shekara da shekaru kawunan bishiyoyin nan suna leƙowa daga cikin ruwa, baƙaƙe, babu ganye, kamar hannuwan mutanen da ke neman a ciro su. Delu, mahaifiyar Hindu, takan tsaya a bakin ruwa ta nuna mata da baki. "Kin ga waccan mai rassa biyu? Tawa ce." A sabon gari kuwa da kara da kashin shanu ake girki, ido na hawaye, ana hangen itacen da zai ishi jikoki yana ruɓewa a ruwa. Daga nan mutanen Kwari suka ɗauki darasi guda suka shayar da 'ya'yansu shi tare da nono: in aka ce maka tashi, kada ka bar komai a tsaye a bayanka.

Delu ta fito daga tsohon gari da ƙullin kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, a gefen zaninta. Ita da 'yarta suka bi iyakar sabuwar gona suna binnewa. Hindu ce ta ɗauki ruwa a tulu a lokacin rani, ita ta kewaye kowane tsiro da ƙaya don awaki. Ɗorawa ba ta sauri. Delu ta rasu ba ta ga furenta ba. Sai da Hindu ta yi aure, tana goye da ɗanta na fari, sannan bishiyoyin suka fara 'ya'ya. A al'adar wurin, bishiya ta wanda ya shuka ta ce, ko da gona ta koma hannun wani, don haka ba a taɓa ce musu komai ba sai ɗorawar Hindu.

A inuwarsu ta yi rayuwarta. In rani ya tsaya, sai su zubo jajayen furanni masu kama da tuntu, zuma ta yi ta kuka a cikinsu tun hantsi. In bazara ta yi zafi, 'ya'yan su nuna, ta sa doguwar gora mai ƙugiya ta yi ta karkaɗowa. Garin ɗorawa na yara ne, bakunansu su yi rawaya. Ɓawon na masu daɓen ɗaki ne. Kalwa tata ce. Ta dafa ta har ta yi laushi, ta surfa ta da toka a turmi, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe ta a kwando har ta yi, sannan ta kirɓa ta shanya. Da wannan ta ciyar da gida lokacin da mijinta Sabo ya kwanta jinya, da shi ta yi masa sadakar bakwai, da shi ta yi wa 'yarta Badiyya kayan ɗaki ta kai ta Burumburum. Ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

A wani rani, ɗorawa tana cikin fure, fararen motoci suka shigo Sabon Kwari. Mutane masu hular kwano suka kafa na'ura mai ƙafa uku a gonaki, suka saki wani ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi yana ƙugi a kan gidaje, kaji suka watse. Aka tara jama'a a makarantar firamare. Wanda ya yi bayani wani matashi ne mai laushin murya, Injiniya Sadiq, ma'aikacin kamfanin da aka ba aikin zana tsarin.

Ya ce masu saukowa daga ƙasashen waje sun yi yawa, masu dawowa daga umara da 'yan kasuwa da baƙi. Filin jirgin da ake da shi ya matse, gidaje sun kewaye shi, mutane suna tsayuwa a layi har ƙafafunsu su kumbura. Ana neman inda za a gina ƙarin fili, da babban zauren saukar baƙi mai na'urar sanyaya ɗaki, da wurin karɓar kaya. Ya ɗaga hoton wani gini na gilashi yana ƙyalli, da korayen bishiyoyi jere a gabansa, irin waɗanda ba sa 'ya'ya.

Hindu ce ta miƙe daga cikin mata.

"Ɗan nan, za a tashe mu ne ko ba za a tashe mu ba?"

"Hajiya, ana kan nazari."

"Kada ka ɗora mini Hajiya, ban je ba. Jirgin ma daga ƙasa nake ganin cikinsa." Aka yi dariya. "Ina da ɗorawa a gabas da gari, ta yi fure. In jira ta ko kada in jira?"

Ya yi murmushi irin na yaron da aka yi wa tarbiyya. "Mama, za a sanar da ku a lokacin da ya dace."

Abin da bai faɗa ba shi ne, ba Sabon Kwari kaɗai ake aunawa ba. Akwai wasu wuraren, kuma ba a zaɓi ko ɗaya ba tukuna. Ya san haka sa'ad da yake murmushin. Magana ce da ba ta kai tsawon sallama ba. Da ya faɗe ta, da kowa ya koma gida ya kwanta. Mutanen da suka zauna suka auna faɗin kujerar da baƙo zai zauna a kai, suka lissafa taku nawa zai yi kafin ya sami ruwan sanyi, ba su ga ya dace su kashe numfashi ɗaya a kan tsohuwar da ke tsaye a gabansu tana tambaya ba.

Washegari ma'aikatan suka bi bishiyoyi suna shafa musu jan fenti, don su san waɗanda suka riga suka auna. Ko'ina a duniya wannan fenti ne kawai. A Sabon Kwari tsofaffi suka gan shi, wasu suka zauna a ƙasa daɓas.

Motocin ba su gama ɓacewa ba masu gawayi suka iso, da injin yanka itace a bayan babur. Babu wanda ya kira su. Irinsu sukan ji ƙanshin firgici daga nesa. Wanda ya fara ba su gonarsa shi ne Ladan, ƙanin marigayi Sabo, dogon mutum mai tsinin gemu, abokin wasan Hindu tun ranar da aka kawo ta gidansu. Ya same ta a ƙofar gida tana tsince kalwar bara.

"Matar yaya, kin ji kukan inji? Yau yana gonata, gobe in kawo miki shi."

"Ka kai shi kan gemunka, shi ya fi bukatar sara."

"Gemun nan ai shi ya hana ki sake aure. Ni kike jira."

"Hankalinka nake jira ya zo. Ga shi furfura ta riga shi."

Ladan ya yi dariya, sannan ya tsuguna, dariyar ta ɗauke. "Hindu, bar wasa. Ranar da ruwa ya shiga gari ina kan wuyan baba, na gani da idona. Kin manta hayaƙin kara? Kin manta Inna Delu a bakin ruwa? Wancan karon ruwa ya ci. Wannan karon katafila za ta ture, a tara a cinna wuta, ko icen girki ba za a bar miki ba. Gara ki ci guminki."

"Sun ce ana nazari."

"Wancan karon ma da murmushi suka zo."

"Ba zan sare ta tana ɗauke da ciki ba, Ladan. Ta nuna tukuna."

Haka aka yi ta yi. Tsamiyar bakin masallaci ta faɗi. Kanya da kaɗanya suka faɗi. Mangwaron makaranta, wanda ba na kowa ba, shi ma wani ya sayar da shi. Tun asuba inji yake kuka har rana ta karkata, hayaƙin ramukan gawayi ya kwanta a kan gari kamar bargo. Tsuntsaye suka yi ta kewaya sama suna neman inda suka saba sauka. Gari ya zama kamar kan da aka aske da tsohuwar aska, sai a gabas kawai ɗorawar Hindu ke tsaye, jere, furen ya zube, 'ya'ya kore sun fara lilo. Mata suna wucewa suna cewa taurin kai zai sa ta tashi a banza. Ita kuwa kullum da safe sai ta je ta ɗaga kai ta duba. Kaɗan ya rage su nuna.

Sai labari ya zo cewa manya za su zo duba wuri. Ana bukatar inda za a kafa rumfa da inda motoci za su tsaya. Aka turo katafila ta share fili a bakin hanya, daidai inda babbar ɗorawar take, wadda Delu ta fara binnewa da hannunta.

Hindu tana bakin rijiya aka zo aka faɗa mata. Ta bar guga a ciki ta ruga. Kafin ta isa an gama. Bishiyar tana kwance, saiwoyinta a sama suna zubar da jar ƙasa, ɗanyun 'ya'yanta a murƙushe a ƙarƙashin ƙarfe, wani ɗanyen wari ya cika wurin. Katafilar tana tura ta zuwa cikin rami kamar mushe.

"Wa ya ba ka?" Muryarta ta fi ƙarar injin. "Wa ya ba ka ita?"

Direban ya leƙo, tsumma ɗaure a hancinsa. "Mama, an ce in share, na share. Ni tuƙi ne nawa. Ki matsa kada reshe ya same ki."

"Sauran fa? Su ma an ce ka share?"

"Yau dai nan aka nuna mini. Gobe ban sani ba."

Ta tsaya tana kallon saiwoyin nan. Ba ta yi kuka ba. Waɗanda ke wurin sun ce ta nuna bishiyar da baki, ta yi wata magana ƙasa-ƙasa da ba su ji ba. Sannan ta juya, ba ta bi ta gida ba, ta wuce kai tsaye gidan Ladan. Yana alwalar azahar.

"Kira mutanenka."

Ya ɗago, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Bai yi mata wasa ba. "Hindu, saura ƙiris su nuna. Ko a ɗan dakata?"

"Kai ne yau kake cewa a dakata? Na ga yadda suke yi. Ba za a ja mini su a ƙasa kamar mushen jaki ba. In faɗuwa ce, su faɗi a gabana, da izinina."

Ta zauna a kan kututturen wata kanyar maƙwabci ta kalli aikin daga farko har ƙarshe. Kowace bishiya, kafin a sa mata inji, sai ta tashi ta je ta dafa ta, ta dawo ta zauna. Ɗorawa ba ta faɗuwa da sauri. Takan yi wani dogon nishi, ta ɗan yi tangaɗi kamar mai neman wanda zai tare ta, sannan ta tafi. Abin da aka yi fiye da shekara arba'in ana reno, inji ya gama da shi kafin a ci kasuwar Kiru ta gaba. Masu gawayi suka cika motarsu suka nufi birni. Ɗan abin da suka ba ta, ta tura ƙarƙashin tabarma ba ta ko duba ba.

Manyan suka zo. Suka zauna a rumfa, aka yi musu fifita, suka sha ruwan roba, suka dubi tudun da babu ko inuwar da akuya za ta fake, ɗaya daga cikinsu ya ce lalle wuri ya yi kyau, a share yake. Aka kafa allo mai hoton ginin gilashi. Ba su kai lokacin da kalwa ke ɗauka ta tafasa ba suka tashi.

Damina ta sauka. Iskar farko ta shigo gari babu abin da ya tare ta, ta yaye rufin gidaje, har da na ɗakin Hindu. Mutane ba su gyara da kyau ba, don me za ka gyara ɗakin da za a rushe? Wasu ma ba su kai taki gona ba. Aka zauna ana jiran sanarwar da aka ce za ta zo a lokacin da ya dace.

Ta zo bayan kaka, a rediyo, tsakanin tallar magani da sanarwar ɗaurin aure. An kammala nazari. An ga ya fi sauƙi a yi aikin a wani wuri kusa da birni. Ba a ko ambaci sunan Sabon Kwari ba.

Injiniya Sadiq ya dawo da 'yan aiki don su cire allon, tun da kayan kamfani ne. Motarsa ta zagaya bakin hanya tana neman inda za ta fake, ba ta samu ba, ta tsaya a tsakiyar rana. Ya fito ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya cire hularsa.

"Subhanallahi. Me ya sami garin nan?"

Hindu tana dawowa daga gona da ɗaurin kara a ka. Ta sauke shi a gabansa. Ladan da wasu dattawa suka matso.

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Lokacin da ya dace ɗin ne ya yi?"

Ya gane ta. Ya ɗan rusuna. "Mama, ina wuni. Amma wa ya sa ku wannan ɓarna? Babu wanda ya ce ku sare bishiya. Wallahi babu."

"Wa ya ce kada mu sare? A gaban jama'a na tashi na tambaye ka. Ba kuɗi na roƙe ka ba, ba kujera a jirgi ba. Cewa na yi, in jira ko kada in jira. Ka san amsar?"

Ya dubi ƙasa. "An hana mu faɗa, Mama. An ce in aka san wuraren, masu kuɗi za su ruga su saye filaye, a cuci talakawa."

"Allah ya saka da alheri," in ji Ladan. "Kun tsare mu daga masu sayen fili, kun miƙa mu ga masu gawayi."

"Baba, fentin nan alama ce kawai ta aiki. Ban san haka za ku ɗauke shi ba."

"Ka tambaya?" Hindu ta matso har sai da ya ja da baya. "Kun auna ƙasarmu, kun auna iskarmu, kun tashi jirgi ya leƙa mana tsakar gida mata na wanka. A cikinku akwai wanda ya zauna ya ce, ku mutanen nan, daga ina kuka zo? Me ya sa sunan garinku Kwari alhali kuna kan tudu? Ruwan can da ka wuce, kana tsammani da shi aka halicci duniya?"

'Yan aikinsa sun daina tonon allon, sun tsaya suna saurare.

"Kuma wadda katafilarku ta ture fa? Ita ma ni na sa?"

"Wannan kuskure ne. Zan kai maganar sama. Zan nemi a kawo muku dashe, in sha Allahu. Akwai bishiyar turare, tana saurin girma."

"Turare." Ta juya ta dubi Ladan. "Ka ji, za mu sa turare a miya."

Babu wanda ya yi dariya. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaurin karanta, Ladan ya kama mata ta aza.

"Ɗan nan, ka ga baƙin nan da kuke yi wa tanadi, Allah ya sauke su lafiya, ba ni da faɗa da su. In sun sauka a ba su ruwan sanyi. Amma in an sake aiken ka wani gari, tsohuwa ta tashi ta tambaye ka abu, ka faɗa mata abin da ka sani. Ko a kunne ne."

Suka cire allonsu suka tafi. Dashen bai zo ba, kuma babu wanda ya sa ran zuwansa.

Kalwar da Hindu ta ajiye ta bara ta kai ta tsakiyar rani ta ƙare. Ta gwada sayen ta 'yan Doguwa, ta ga in ta saya ta dafa ta kai kasuwa, wahalar ce kawai tata. Ta kira Badiyya ta zo daga Burumburum ta kwashe manyan tukwanen da turmin, don can har yanzu akwai ɗorawa a tsaye.

Yanzu in ka bi bakin magudanar ruwan noman rani da hantsi, za ka ga mata jere a duƙe suna tsinkar tumatir a gonakin wasu, a biya su da yamma. Yawancinsu 'yan mata ne da masu goyo. Akwai gajeruwar tsohuwa guda a cikinsu, mai faɗin kafaɗa, wadda takan riga kowa cika kwando, amma in za ta miƙe sai ta dafa gwiwa da hannu biyu. Mai gonar sa'an jikanta ne. Yakan ce mata, "Iya, a ɗan ƙara sauri, mota na jira." Ita kuma ta ce to.